Ruwan oksijin ko ruwan perfluorocarbon: wanne huhu zai ɗauka?

Ana yawan tambayata wanne daga cikin biyun mutum zai iya shaƙa. Oksijin ba ya zama ruwa sai sanyi ya kai digiri 183 ƙasa da sifili, kuma kurɓi ɗaya ya isa ya daskarar da maƙogwaro da huhu. Shi kuwa perfluorocarbon, wani ruwan sinadari da ake haɗawa, ana ɗumama shi daidai ɗumin jiki, yana kuma riƙe oksijin sosai. A 1966 wani masanin kimiyya, Leland Clark, ya nutsar da ɓeraye cikinsa, suka ci gaba da numfashi. Matsalarsa nauyi, don ya kusa ninka ruwa: ƙirji kan gaji, sai na'ura ta taimaka. Ga tsada.

Na farko na tankunan asibiti ne, inda yake komawa iska kafin ya kai hancin majiyyaci. Na biyu na likitoci masu bincike kan huhun bakwaini ne.