Masu gyaran makulli a Sakkwato: inda hannunsu ya faɗa da inda sai an sa musu ido

Duk gidan da kakanni suka sauka, ko daga Wurno suka zo ganin likita ko daga Gwadabawa suka zo suna, makullan gidan sai sun ji a jikinsu. Tsoho ya saba da kwaɗo da sakata, ga shi an ba shi ɗaki mai gambun ƙarfe da kuba ta zamani. Jikoki kuma sun samu mai tare musu faɗa. Kafin a kwana uku an fara cigiyar mai gyaran makulli, irin waɗanda ke zaune da teburi da injin yanka a kewayen Babbar Kasuwa da Tsohuwar Kasuwa, masu hawa kabu-kabu su zo har gida idan an kira su. Wajen buɗe ƙofa da ciro karyayyen makulli sun ƙware. Wajen yanka sabo da zaɓen kayan da za su sa maka, nan ne ake samun cikas.

Abin da ya fi kawo su gida shi ne makullin da aka bari a ciki. Kaka ya kulle bayan isha'i, ya bar ɗan makullin a jikin kuba, ga kunne ya yi nauyi. Da asuba a yi ta bugu shiru, a ɗauko na ajiya a zura ta waje, ya ƙi juyawa. Kubar lafiyarta ƙalau. Silindar da ke cikinta, wato ɓangaren da ake zura wa makulli, baki biyu gare ta, a tsakiya akwai ɗan harshe guda mai tura sakata, kuma makulli ɗaya kaɗai ke iya kama harshen a lokaci guda. Na ciki ya riga ya kama, musamman idan an bar shi a ɗan karkace. Haka abin yake idan jika ɗan shekara uku ya kulle kansa, kakarsa na waje tana lallashi, "Maigidana, murɗa ta can mana," shi kuwa sai kuka.

Gwani a cikinsu ba ya fara ɗauko guduma. Yakan zagaya ya duba taga, ko za a zura doguwar waya a miƙar da makullin ciki a zare shi. In hakan ya faskara, sai ya sadaukar da silinda ita kaɗai: ya karya ta ko ya huda ta, ya juya harshen da sukudireba. Gambu da kuba na nan yadda suke. Kwatanta wannan da kiran mai walda, wanda zai yanke gefen ƙofa, a dawo ana faci da fenti. Sai dai idan a watan Afrilu ne, zafi ya haura digiri 40, yaro na ciki babu wuta, ko tsoho mai hawan jini ko ciwon suga ya ƙi amsawa, ba a jiran kowa. A fasa.

Sa sabuwar silinda aikin minti biyar ne. Dogon sukuru ɗaya ke riƙe da ita ta gefen gambu. A kwance shi, a ɗan murɗa makulli har harshen ya shige ciki, a zaro. Kuskuren da suke yawan yi a nan shi ne su sa duk wadda ke cikin jakarsu. Ana auna silinda daga ramin sukurun zuwa kowane baki: 30 da 30 ita ce mai milimita 60, 35 da 35 ita ce mai 70. Idan ta leƙo waje fiye da milimita 3, an ba ɓarawo wurin kamawa da filaya. Ka tsaya a kansa ya auna. Ɗakin baƙi da na tsofaffi kuwa, a nemi mai ɗan maɗauki ta ciki wanda ake murɗawa da yatsa, tunda ba a zura mata makulli ta ciki balle a manta shi, na waje kuma kullum zai buɗe.

Karyewar makulli a rami nan ne ake ganin hannu. Da wuya laifin ya zama na tsohon da ya murɗa. Gambun ƙarfe na saki ya sunkuyo, na katako na kumbura da damina, sai sakata ta riƙa gugar bakin raminta, kowa ya saba da ɗaga ƙofa da gwiwa kafin ya murɗa, baƙo kuwa bai san wannan dabara ba, ya sa ƙarfi. Mai gyara zai fara mayar da bakin ramin ya miƙe daidai yadda makulli ke shiga, domin muddin yana karkace ƙusoshin ciki na danne da guntun. Sannan ya ɗauko siririn guntun zarto da ya goge har ya yi kamar tsinke, haƙoran na kallon baya, ya lallaɓa shi ta gefen guntun, ya ɗan karkata shi ya kama, ya ja a hankali. Da kan ya leƙo sai filaya. Da gutsuren biyu zai iya yanka wani. Abin da ke ɓata masa aiki shi ne taimakon mutanen gida: a tura ɗaya rabin a ƙara cusa guntun ciki, ko a ɗiga gam wai su manne. Gam ya shiga, silinda ta tafi ke nan. Mai kirki kuma ba zai tafi ba sai ya goge bakin ramin sakata da magagari ko ya ɗaure hinji, in ba haka ba sabon makullin ma hanyar da zai bi ke nan.

Tsarin cikin silinda bai sauya ba tun wanda Linus Yale ƙarami ya yi wa rajista a Amurka a 1865: ƙananan ƙusoshin tagulla bibbiyu a rami biyar ko shida, kowane da sifirin a kansa. Shi ya sa tsinken ashana ɗaya da jika ya cusa ke tsayar da komai. Shi ya sa kuma man inji ko man gyaɗa ke kashe kuba a garin nan; ƙurar hunturu ta haɗu da mai ta zama taɓo. Abin takaici, wasu masu gyaran da kansu ke ɗiga baƙin mai. A goga bakin fensir a haƙoran makulli, a zura a zare sau biyar ko shida, ya wadatar.

Yanka kuwa, injin bin sawun abin da aka ɗora masa yake yi, har da kuskurensa. Kwafi daga kwafi kowane na ƙara kaucewa, na uku sai an jijjiga kafin ya juya. A kai na asali, a nemi na tagulla maimakon fari marar nauyi mai lanƙwashewa, a yi sharaɗin gyara kyauta idan bai buɗe ba.

Kwaɗon adakar kaka da makullinsa ya kwance daga bakin zane, yanke shi ya fi araha bisa ga buɗewa, amma a gabanta za a yi, kar gobe a ce turare ko ɗan kunne ya yi ƙafa. Ba duka ke tambayar ko wanda ya kira su shi ne mai gidan ba, kuma wannan babban aibi ne. Wanda ya ce sai ya ga maigida ko maƙwabci, shi ya kamata a adana lambarsa. Kuɗi a yanke tun a waya, na zuwa daban, na aiki daban, na kaya daban. A buɗe kwalin sabuwar silinda a gabanka, ka ƙirga 'ya'yan makullin da suka zo da ita, ka karɓe su duka tare da tsohuwar da aka cire.