Jug ɗin tace ruwa: shayi ya gyaru, amma tsirona ya mutu

Kada wani ya ce mini ai ba don shuka aka yi jug ɗin nan ba. Na sani. Amma da bakinsa mai shagon ya ce mini, "Alhaji, in ka zuba ruwan famfo a nan, abin da zai sauko kamar ruwan sama ne." A kan wannan maganar na zaro kuɗina, kuma sai da na gaya masa abin da zan yi da ruwan.

'Yata ta biyu ce ta jawo. Ta ga bidiyon tsiron nan mai kama ƙuda, Venus flytrap, ta hana ni sakat: Abba ka saya mana, Abba ka saya mana. Na samu wata mai sayar da furanni a Instagram ta aiko mini da guda biyu daga Legas cikin ƙananan tukwanen roba. Kowanne bai fi tafin hannun yaro ba. Ganyen kamar baki ne a buɗe, ciki ja-ja, gefe da haƙora sirara. Akwai wasu 'yan gashi a ciki, in ƙwaro ya taɓa su sau biyu cikin daƙiƙa 20 ko kusa da haka, sai bakin ya rufe ruf. Ranar farko har yaran maƙwabta sai da suka cika mana tsakar gida. Matar ta ja mini kunne kan abu biyu: ban da taki, ban da ruwan famfo. To Disamba ake ciki, ina zan ga ruwan sama a Kaduna? Shi ne na je na sayo jug ɗin.

Sati biyu lafiya lau. Kullum in tace ruwa in zuba a farantin da tukwanen ke zaune a ciki, don tsiron yana son ƙasarsa a jiƙe koyaushe. A sati na huɗu sabbin ganye suka fara fitowa ƙanana a murɗe, tsofaffin suna baƙi daga gefe, bakunan kuma ko ƙuda ya yi rawa a ciki ba sa motsi. Na san kowane baki sau kaɗan yake rufewa kafin ya gaji ya mutu, kuma na taɓa kama yaran suna tsokanarsa da tsinken tsintsiya. Sai na ɗora wa yarinyar laifi. Na yi mata faɗa sosai, ta yi ta rantsuwa tana kuka wai tun ranar da na hana ba ta sake taɓawa ba. Wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai, fiye da kuɗin.

Maƙwabcina malamin kimiyya ne a wata sakandare. Da ya leƙa tukunyar bai ce komai ba, sai ya sa farce ya kankaro wani farin abu da ya daskare a bakin robar da saman ƙasar, kamar kanwa, irin wanda ke taruwa a gindin butar shayi. Ya shiga gida ya fito da wata 'yar na'ura kamar alƙalami, an rubuta TDS a jikinta, ana tsoma bakinta a ruwa lamba ta fito, mai nuna yawan gishiri da ma'adinan da suka narke a ruwan. Ruwan tankinmu, wanda famfo da bohal ke haɗuwa a ciki, ya nuna 230. Ruwan jug ɗina mai kama da ruwan sama, 195. Na ce Malam sake gwadawa. 195 dai. Wanda ya kwana a farantin kuwa ya haura 400, saboda iskar hunturu tana shanye ruwan ta bar gishirin, ni kuma kullum ina ƙara wani a kai.

Masu kiwon irin wannan tsiro ƙasa da 50 suke nema. Asalinsa daga wasu fadamu ne na jihohin North Carolina da South Carolina a Amurka, ƙasa mai yashi da tsami wadda ruwan sama ya wanke tas, babu abincin kirki a cikinta. Dalilin da ya sa yake cin ƙwari ke nan. Saiwarsa ba ta saba da ma'adinai ba, in suka taru sai su ƙone ta. Ruwanmu kuma ba wai mara kyau ba ne, ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya yarda har zuwa 500. Mutum ya sha ya kwana lafiya, tsiron ne ba ya ɗauka. Malam ya ce a North Carolina tun 2014 tono shi daga daji babban laifi ne da ke kai mutum kurkuku. Ni ga shi na kashe ɗaya da kuɗina a baranda.

Abin da ke cikin filtar yawanci gawayi ne da aka sarrafa. Yana kama warin kulorin da ɗanɗano, ya ɗan rage wani abu kaɗan, amma yawancin ma'adinan da suka narke a ruwa wucewa suke abinsu. Tafasawa ma ba ta fitar da kai, mun gwada a gabana. Barin ruwa ya kwana a bokiti kulorin kawai yake kora. Fiya wata kuma sa'a ce: na wani kamfani ya nuna 18, na wani 140, leda iri ɗaya. Na ce to ruwan batir fa? Ya ce in yi hankali, akwai tataccen zalla, akwai mai asid, kuma ba kowane mai shago ne ke bambancewa ba. A ƙarshe wajen masu sayar da kayan ɗakin gwaji na samo tataccen ruwa a jarka, ya nuna 2.

Don Allah ba zan yi wa jug ɗin ƙarya ba, wajen sha ya yi. Warin nan na maganin ruwa da ke tashi duk ranar da famfo ya kawo ya tafi, shayin safe ya dawo da ɗanɗanonsa, uwargida ma ta ce ba za a mayar ba. Har na fara tunanin ba shi makin taurari huɗu cikin biyar, in ce laifin nawa ne da ban bincika ba.

Sai na tuna murfin. In ka karkata shi da ruwa a sama, murfin ya zame, wanda ba a tace ba ya haɗu da wanda aka tace a kofinka. Filtar kuma wai duk wata a canza, da na je neman sabuwa babu, sai an yi oda. Da na nuna wa mai shagon hoton lambar 195, sai cewa ya yi, "Ai Alhaji ban san shuka za ka ba ba." Ni da na tsaya a gabansa na nuna masa bidiyon tsiron a wayata, har yana cewa ikon Allah! Taurari biyu, kuma ɗaya daga ciki na shayi ne.

Tsiro ɗaya ya riga ya ruɓe, da na tono shi saiwar baƙa ƙirin. Na biyun na wanke ƙasarsa da tataccen ruwa sau uku, ina zubawa ta sama yana fita ta ƙasa har lambar ta sauko 30. Ya fito da ganye ɗaya ƙarami, bai kai farcen ɗan yatsa ba. Na sayi nawa alƙalamin gwajin, wanda da shi na fara saya da duk wannan bai faru ba, ko da yake shi ma ba ya gaya maka ko akwai ƙwayar cuta a ruwa, nauyin ma'adinai kawai yake nunawa. Na kuma ajiye sabon duro a ƙarƙashin indararo ina jiran damina, in ruwan farko ya wanke ƙurar kwano in tari na bayansa. Yarinyar na ba ta haƙuri, na haɗa mata da tsire. Ta ci tsiren, amma har yanzu in ta ga na ɗauko jug ɗin sai ta ce, "Abba, ban da kusa da shukata."