Waya, na'urar gindin sanda ko radar: wanne mai bugun besbol zai fara saya?

Tsakanin mai jifa da mai bugu a filin besbol akwai ƙafa 60 da inci 6, wato mita 18 da ɗoriya. Ƙwallon da aka jefo da gudun mil 95 a awa takan cinye wannan tazara cikin kusan kashi 4 bisa 10 na daƙiƙa. Shi kuwa bugun kansa, daga tashin sanda zuwa haɗuwarta da ƙwallo, kusan kashi 15 bisa 100 na daƙiƙa ne, ƙiftawa da bismilla. Ido ba ya iya kama shi. Mai bugun ma, abin da yake jin jikinsa na yi daban, abin da jikin ke yi daban.

Na ga haka a kan ɗana, wanda ke buga wa ƙungiyar makarantarsu a nan Amurka. Wata biyu kocinsu na ce masa yana buɗe kafaɗar gaba da wuri, shi kuma ya dage: "Baba, wallahi a rufe take." Ranar da na ɗauke shi a waya na tsayar da hoton daidai lokacin da ƙafarsa ta gaba ta taka ƙasa, sai ga ƙirjinsa ya riga ya fuskanci mai jifa, sanda kuma tana can baya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in sake ɗauka. Tun daga nan na shiga bincikar kayan da ake sayarwa don wannan aiki.

Mafi arha a cikinsu shi ne ya fi amfani, kuma yana aljihunka. Bidiyon waya na yau da kullum hoto 30 yake ɗauka a daƙiƙa, ka ga bugu guda hoto huɗu ko biyar kawai zai samu. Idan ka juya ta zuwa ɗauka mai tafiyar hawainiya, hoto 240 a daƙiƙa, bugun nan zai bazu a kan hotuna kusan 36, ka riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya. Wayoyin iPhone sun samu wannan tun 2014, kuma wayoyin Android da dama suna da shi. Abin da za ka saya shi ne mariƙin waya mai ƙafa uku, da turken ɗora ƙwallo, da raga. A kan turken kada ka yi ƙwauro, domin mai arha yakan faɗi a kowane bugu har yaro ya ƙosa. Nemi mai nauyin gindi da baki na roba mai laushi, irin na kamfanin Tanner.

Sai dai wurin kafa waya yana da ƙa'ida. Ka ajiye ta daidai tsayin ƙugu, tana fuskantar ƙirjin mai bugu, sannan ka sake wani ɗaukar daga bayansa. Ka yi alama a ƙasa don gobe ka mayar da ita wuri guda, in ba haka ba bidiyon jiya da na yau ba za su kwatantu ba. Haske ma na da muhimmanci: a hoto 240, hasken ɗaki yakan yi kaɗan, sanda ta zama dishi-dishi, wasu fitilun kuma su riƙa ƙyafta. Rana ta fi. Abu uku nake dubawa: ko kai ya tsaya cak, ko ƙugu ya riga hannuwa juyawa, da inda sanda ta tari ƙwallon.

Duk wanda ya raina wannan hanya ya tuna da Tony Gwynn na ƙungiyar San Diego Padres. A 1983 ya fara sa matarsa tana ɗaukar masa wasanninsa daga talabijin a kaset, yana zama yana nazarin bugunsa. Ya gama wasa da matsakaicin bugu .338, wato kusan bugu 34 masu nasara a cikin kowace dama 100, ya kuma lashe kambun gwanin bugu na National League, ɗaya daga cikin rukunai biyu na babbar gasar besbol ta Amurka (MLB), sau takwas. Na'urar da ya yi aiki da ita ko kusa ba ta kai wayar yau ba.

Na biyu ita ce 'yar na'urar da ake maƙalawa a gindin sanda, irin ta Blast Motion ko Diamond Kinetics. Ta Blast kuɗinta na kaiwa wajen dala 150, kuma wasu bayanan sai ka biya kuɗin wata ko na shekara kafin manhajar ta buɗe maka su, don haka ka haɗa da wannan a lissafi. Tana auna gudun sanda, da tsawon lokacin da ta ɗauka kafin ta isa ƙwallo, da kusurwar da ta bi, ko tana hawa ko tana gangara. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi burge ni. Mai jifa yana tsaye ne a kan tudu mai inci 10, ƙwallon kuma gangarowa take yi, shi ya sa Ted Williams, wanda matsakaicin bugunsa ya kai .406 a 1941, ya riƙa cewa sanda ta ɗan tasa sama kaɗan don ta bi hanyar ƙwallon. Na'urar za ta faɗa maka da lamba ko kana yin haka.

Aibinta shi ne tana jawo son lamba. Tun da gasar MLB ta fara fitar da gudun sandar 'yan wasanta a 2024, aka ga matsakaicin ya ɗan haura mil 70 a awa, Giancarlo Stanton kuma ya wuce 80, yara suka shiga gasar wa ya fi. Yaro sai ya riƙa kai duka iya ƙarfinsa, kansa na fizgewa, don kawai lamba ta hau. Kuma na'urar, sanda kaɗai take sani, ba ta ganin ƙafa balle ƙugu. Za ta ce maka ka makara, amma dalilin makarar sai bidiyo. Kar ka manta da shigar mata da tsayin sandar da nauyinta daidai, in ba haka ba awon zai kauce.

Radar ta hannu, irin ta Pocket Radar, tsakanin dala 300 zuwa 400 take, kuma abu guda take yi: auna gudun ƙwallo, ko an jefo ta ko an buge ta. A MLB, mil 95 a awa zuwa sama shi ake kira bugu mai ƙarfi. Dole a tsaya da ita a kan layin da ƙwallon za ta bi, in aka karkace sai ta ba da lambar da ba ta kai gaskiya ba. Idan a gida akwai mai jifa, ko yaron na neman gurbi a ƙungiyar jami'a ana tambayarsa wannan lamba, to ta ci kuɗinta. Ban da haka, a jinkirta.

Na'urorin Rapsodo da HitTrax kuwa, da ke nuna kusurwar tashin ƙwallo da nisan da za ta yi, dubban daloli ne. Kayan makarantu ne da wuraren atisaye. Ka biya kuɗin awa guda a inda suke da su, sau ɗaya a wata biyu ko uku, ya wadatar.

Mu dai wata shida muka yi da waya da turke da raga kafin mu ƙara komai. Sai da kafaɗar ta gyaru, amma ƙwallon ta ci gaba da birgima a ƙasa ba mu gane dalili ba, sannan muka sayi na'urar gindin sanda, ta kuwa nuna mana sandarsa gangara take yi. Yanzu ranar wasa ma nakan tsaya bayan shinge in ɗauke shi, saboda bugun da yake yi a kan turke a bayan gida ya fi na gaban mai jifa tsabta nesa ba kusa ba, kuma na gaban mai jifan muke kallo tare idan mun dawo gida da daddare.