Sharhi: tsarin cire gulutin da kesin daga abincin yaro mai otizim

Cikin tsare-tsaren abincin da ake tallata wa iyayen yara masu otizim (yanayin da ke shafar mu'amalar yaro, maganarsa da ɗabi'arsa), babu wanda ya kai GFCF suna: a cire gulutin, furotin ɗin da ke cikin alkama, sha'ir da hatsin rai, a cire kesin, furotin ɗin da ke cikin madara. Bayan aiki da shi, maki biyu cikin biyar zan ba shi, kuma biyun nan na lafiyar ciki ne, ba na ɗabi'a ba.

A 2016 Susan Hyman da abokan aikinta na Jami'ar Rochester a Amurka suka wallafa gwajin da suka yi da yara 14. An ɗora su kan tsarin, sannan aka riƙa ba su gulutin ko kesin a ɓoye, iyaye ba su san ranar da aka ba da wanne ba. Ba a ga canjin a zo a gani ba a ɗabi'a, barci ko bayan gida. Tun 2013 ma NICE, hukumar da ke fitar da ƙa'idojin kiwon lafiya a Ingila, ta ce kada a ɗauki cire abinci a matsayin maganin ainihin alamomin otizim.

Inda yake da rana shi ne yaron da ke da cutar siliyak (wadda gulutin ke lalata hanji) ko jikinsa ba ya karɓar furotin ɗin madara. Sai dai a yi gwajin jini na siliyak tukuna. Idan aka riga aka daina ba shi alkama, sakamakon na iya nuna lafiya lau alhali ba haka ba ne.

Babbar matsalar a faranti take. Yaron da abu biyar kacal yake ci, uku daga ciki burodi, taliya da madara, in ka cire su rana ɗaya, me ka bar masa? Burodin da babu gulutin marmashewa yake yi a hannu, ya bushe a baki, kuma yaron da laushin abinci ke damu tun cizon farko zai tofar. Yawancinsa ba shi da harza, wato dusar da ke sauƙaƙa bayan gida, sai taurin bayan gida ya ƙaru, a ɗora laifin fushin yaron kan otizim.

Wanda ya ce sai ya gwada, ya cire abu ɗaya kawai, ya fara da madara, na mako uku zuwa huɗu, yana rubuta barci, bayan gida da nauyi. Ɗan shekara 1 zuwa 3 na buƙatar miligiram 700 na kalsiyam a rana, ɗan 4 zuwa 8 kuma 1,000, kofin madara ɗaya na ba da kusan 300. A maye gurbinsa da madarar waken suya mai ƙarin kalsiyam, a girgiza kwalin sosai, don kalsiyam ɗin a ƙasa yake kwanciya. Madarar shinkafa ba ta ɗan ƙasa da shekara 5 ba ce, saboda sinadarin arsenik mai guba da ke cikinta. Madarar da aka rubuta babu laktos (sukarin madara) kuwa, kesin ɗinta na nan daram, nan mutane da yawa ke faɗawa.

Nauyin yaro ya fara sauka, ko abincin da yake yarda da shi ya ragu, a dakata a mayar da madarar, a nemi masanin abincin yara.