Golly a wayata: bulo, amya da ƙugiya

Wata biyu ke nan da ƙanena mai karatu a jami'ar Marwa ya zo hutu Garwa ya sa mini manhajar Golly a waya. Kyauta ce, ba talla, kuma da zarar ka sauke ta ba ruwanta da intanet. Wasan da John Conway, masanin lissafi ɗan Ingila, ya fito da shi a 1970 ne a ciki. Fili ne mai gidaje kamar na dara, sai dai ba abokin karawa: ƙwayoyi kake ɗigawa a gidajen, a kowane zagaye su canja da kansu bisa ƙa'ida. Ƙwayar da ke da maƙwabta 2 ko 3 ta rayu, in sun gaza ko sun zarce ta mutu. Gidan da ba kowa kuwa, in ƙwayoyi 3 cif suka taɓa shi, sai sabuwa ta tsiro.

Shi ƙanen nawa siffofin ƙwayoyi masu gudu da ƙyaftawa ke burge shi. Ni kuwa waɗanda suka kafe ne suka tafi da hankalina. Ka watsa ƙwayoyi barkatai, a yi ta kacaniya, in ƙura ta lafa sai ka tarar da su zaune daram. Bulo ya fi yawa: ƙwaya 4 a murabba'i, kowace da maƙwabta 3, gidajen gefe kuma babu wanda ya taɓa fiye da 2. Ba mutuwa, ba haihuwa. Na bar shi ya haura zagaye dubu ina shan shayi, ko gezau. Sai amya mai ƙwaya 6, da kwale-kwale mai 5, da burodi mai 7.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce mai siffar ƙugiyar kamun kifi, ƙwaya 7. Na harbo mata wata ƴar siffa mai tafiya ta ƙwaya 5 daga kusurwar da ta dace, ta haɗiye ta, ta ɗan motsa, ta koma yadda take. Sau goma na maimaita, har maiɗakina ta ce, "Malam, wai abincin nan sai ya huce?"

Bayanan taimakon da Turanci suke, mu kuwa nan Faransanci muka yi a makaranta, don haka da lalube na koya. Allon wayata ma ƙarami ne, babban yatsana kuma na aiki ne. Ranar nan na ɗiga ƙwaya ɗaya bisa kuskure a jikin amya, sai ga ta ta wargaje. In kana da kwamfuta, can ya kamata ka sa ta. In waya ce, ka ƙara girman gidajen kafin ka fara zane.