Buhun PICS mai ruɓi uku: amfaninsa idan annoba ta tsare wake a sito, da inda yake gazawa

Mai tara wake a kasuwannin Mai'aduwa, Mashi ko Daura don dillalan Dawanau ko masu fitar da kaya ta Legas, lissafinsa ɗaya ne: kaya su yi 'yan makonni a sito, tirela ta zo ta kwashe. Shekarar 2020 ta rusa wannan lissafi. A watan Afrilu aka kulle Daura saboda korona, aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi har farkon Yuli, ga iyakokin ƙasa, ciki har da Jibiya da Kwangwalam, a rufe tun Agustan 2019. A takarda an ce motocin abinci su wuce, amma shingaye suka yi yawa, kuɗin mota ya tashi. Can bakin teku kuma kwantena ta yi wuya, domin jirage sun rage zuwa, kwantenonin da aka sauke wa kaya sun maƙale a tashoshin Turai da Amurka. Kayan da aka saya don wata guda sai ya share watanni a ajiye. Shi kuwa ƙwaron wake ba ruwansa da dokar kulle.

Daga ƙwai zuwa ƙwaro mai tashi, mako uku zuwa huɗu ne kacal a lokacin zafi. Ƙwan yana manne a jikin waken tun daga gona, tsutsar ta huda ta shiga ciki, don haka buhun da ido ya gani garas ranar saye yana iya zama rabi gari bayan wata uku. Abin da aka saba yi shi ne a yayyafa fiya-fiya ko a cusa ƙwayar hayaƙin nan da ake kira bom. Ga mai son kayansa su tsallaka teku, fiya-fiya ita ce babbar asara. Saboda ragowar irin wannan guba Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Nijeriya a 2015, kuma iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, wato kusan babu.

A nan buhun PICS ya ci sunansa. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta ƙirƙiro shi, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, kuma ana yin sa a Kano. Leda biyu ne masu kauri a ciki, sai buhun saƙa a waje. Akwai mai cin kilo 50, akwai mai cin kilo 100, kimanin tiya arba'in ke nan. Babu magani ko kaɗan a jikinsa. Da yake iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su ne ke shaƙe iskar numfashi (oksijin) da ta rage, daga kashi 21 cikin ɗari na iskar buhun ta yi ƙasa sosai cikin 'yan kwanaki, su daina ci, su daina haihuwa, su bushe su mutu. Idan an ɗaure daidai, waken da aka zuba da kaka zai fito da damina da launinsa da nauyinsa, kuma yana tsira idan an shuka.

Sai dai yawancin masu cewa buhun bai yi musu aiki ba, wajen ɗauri aka samu matsala. Kafin a zuba komai, a buɗe kowace leda ta cika da iska, a riƙe bakin a matsa. Idan tana sacewa, akwai huda, a ajiye ta gefe. A zuba kamar tiya biyu a leda ta farko don ta zauna, a saka ta cikin ta biyu, a saka su duka cikin buhun saƙa, a naɗe bakunansu waje, sannan a ci gaba da zubawa ana girgizawa. Kada a cika fam. A bar wajen taƙi guda a sama. A matse iskar da ke saman waken, a murɗe bakin ledar ciki, a lanƙwasa shi biyu, a ɗaure da igiya mai laushi ko tsinken roba. Sai ta biyu daban, sai na waje daban. Masu gaggawa kan haɗa bakuna ukun su ɗaure lokaci guda, kuma ta nan iska ke silalewa ciki.

Danshi shi ne abu na biyu. Kada ruwan jikin wake ya wuce kashi 13 cikin ɗari. Wanda ba shi da na'urar awo ya zuba ɗan wake da busasshen gishiri a kwalba mai tsabta, ya rufe ya girgiza, ya bari ta ɗan jima. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da wake shanya. Waken da hunturu ya busar ba ya ba da wahala. Wanda aka saya da ɗumin girbi, musamman na farkon kaka, shi ne ke yin gumi a cikin leda, ya canza wari.

Inda buhun ya gaza a fili shi ne hannun mutane da haƙorin ɓera. Ƙarfen nan mai rami da dillali ke soka wa buhu don ganin samfur, suka ɗaya ya kashe leda biyu. Gara a ware samfurin kowane buhu a ƙaramar leda, a rataya a wuyansa. 'Yan dako ma sai an tsaya a kansu, domin jan buhu a kan siminti ko wurga shi cikin mota na yaga ledar ciki ba tare da an gani daga waje ba. A jera shi a kan katako, nesa da bango da rana, a share duk ƙwayar da ta zube, don ita ce ke kiran ɓera. Sannan a kasuwa akwai buhuna masu kama da shi, ledarsu siririya kamar ta ƙulla sikari. A duba tambari, a taɓa kaurin ledar da yatsa.

Kuɗinsa ya ninka na buhun yau da kullum sau da yawa, kuma wannan ne ke sa mai buhu ɗari biyar ja da baya. Amma ana iya amfani da shi kaka uku idan an kula, ga kuɗin magani da aka huta, ga maimaita feshi da babu. Ga kayan da za su tashi cikin mako biyu, asarar kuɗi ce. Ga kayan da ba a san ranar tafiyarsu ba, ya fi ƙarfin kuɗinsa.

Mai fitarwa waje kada ya ɗauka buhun ya ɗauke masa sauran aiki. Kafin loda kwantena sai an juye, an tankaɗe matattun ƙwari da ƙura, an sake zubawa a buhun da mai saye ya buƙata, sannan jami'an NAQS, hukumar da ke duba lafiyar kayan gona masu shiga da fita ƙasar nan, su duba su ba da takardar lafiyar tsirrai. Da zarar wake ya bar leda, ƙwaro na iya sake kama shi, don haka kada a kwance ɗauri sai an tabbatar da lambar kwantena da ranar da mota za ta tsaya a ƙofar sito.