Madubin hangen nesa 8x42: na gwada shi a kan tsattsewa

Jama'a duk mai son sayen madubin hangen nesa don kallon tsuntsaye, shawarata ita ce kar ya gwada shi a kan kurciya ko wani tsuntsun da ke zaune a reshe yana hutawa, ya gwada shi a kan tsattsewa. In dai madubi ya iya riƙe tsattsewa a sama to sauran tsuntsaye ba za su ba shi wahala ba. Ni da ita na auna wannan 8x42 ɗin nawa, kuma gaskiya ya burge ni sosai duk da akwai abubuwa biyu-uku da ban ji daɗinsu ba.

Lambobin nan da ake rubutawa a jiki, 8 ɗin na nufin yana kusanto maka da abu sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Mutane da yawa da sun ga 10 ko 12 ko ma 20 sai su ɗauka shi ne ya fi, alhali a harkar tsattsewa ba haka abin yake ba kwata-kwata. Duk yadda kusantowa ta ƙaru to filin da kake gani raguwa yake yi, kuma rawar hannunka ita ma ƙaruwa take. Mai 8 mai kyau yakan nuna maka faɗin wajen mita 130 zuwa 140 a nisan kilomita ɗaya, mai 10 kuwa galibi wajen mita 110 ne, a takarda kamar ba wani bambanci amma ka ɗaga shi sama ka bi tsuntsun da ke canza hanya cikin ƙiftawar ido ka gani, nan take za ta fice maka daga gilashi kana ta lalube a sararin sama. Masu bincike na Jami'ar Lund a Suwidin sun taɓa auna gudun tsattsewar Turai, wadda masana ke kira Apus apus, suka samu kilomita 111.6 a awa ɗaya, kuma a miƙe take tafiya da ƙarfin fiffikenta ba wai faɗowa take daga sama ba. Irin wannan gudun suna yinsa ne lokacin da suka haɗu gungu suna tsere suna ƙara a kusa da gine-gine. Da wannan madubin nakan iya bin gungun gaba ɗaya, har in zaɓi guda ɗaya in riƙe ta na ɗan lokaci.

Kuma abin da ya sa nake ganin tsuntsun nan ya cancanci a nemi madubi mai kyau saboda shi, ba za ka taɓa samunta a zaune a kan waya ko reshe ba balle ka ƙare mata kallo. Ƙafafunta gajeru ne ƙwarai, amfaninsu kawai maƙalewa a bango ko a bakin sheƙa. In ka ga wata a jere a kan wayar lantarki to ba wannan ba ce, ɗaya nau'in ne mai kama da ita wanda ko dangi ba su haɗa ba. A shekarar 2016 Anders Hedenström da abokan aikinsa a Lund ɗin dai suka fitar da sakamakon wani bincike, sun ɗaura wa tsuntsayen 'yan ƙananan na'urori a gadon bayansu, sai aka gano suna iya yin wata 10 a sama, wasu daga cikinsu ko sau ɗaya ba su sauka ba tun da suka bar sheƙa a Turai suka tafi Afirka har suka dawo, waɗanda suka ɗan sauka ma sama da kashi 99 cikin 100 na lokacinsu a iska suka yi shi. Tsuntsu mai nauyin wajen giram 40 fa! A sama take cin ƙwari, a sama take barbara, hatta kayan sheƙa a iska take cafke su, gashi da busasshiyar ciyawa da iska ta kwaso, ta manne su da yawunta. Ikon Allah kenan. Kafin wannan ma a 2013 masana a Suwizalan sun nuna babbar 'yar uwarta mai farin ciki ta yi wajen kwana 200 ba ta sauka ba.

To duk wannan labari ne a takarda sai ka sa madubi a ido. Abin da na fi jin daɗinsa shi ne yadda yake fito da siffar fiffike, dogo siriri a lanƙwashe kamar lauje, da ɗan farin da ke maƙogwaro. Lokacin da suke ciyar da 'ya'ya za ka ga maƙogwaron ya kumbura, ƙwari ne ɗaruruwa ta dunƙule da yawu za ta kai sheƙa, wannan da ido zalla ba ka isa ka gani ba. Haka in suka sauko shan ruwa, ta zo a guje ta ɗaga fiffike sama ta shafi saman ruwan da baki ta wuce ba tsayawa. Kuma da shi ne na fara bambance su da kyau, ƙaramar mai farin gindi da guntun wutsiya mara rabuwa daban, siririyar nan ta itacen giginya da kwakwa mai doguwar wutsiya daban, ita wannan ma har ƙwanta take mannewa a jikin ganye da yawu don kar ya faɗo.

Da yamma ne gilashin 42 ɗin yake nuna amfaninsa. In ka raba 42 da 8 za ka samu kaɗan sama da milimita 5, wato faɗin hasken da ke shiga idonka kenan, ya fi na ƙananan madubai na aljihu nesa ba kusa ba. Wannan na da muhimmanci don bayan faɗuwar rana da kuma gabanin fitowarta ne suke yin wani hawa na mamaki, su yi ta sama har kilomita 2 zuwa 3. Madubin ba zai kai ka can ba, amma zai ba ka ƙarin mintuna kana binsu bayan ido ya gaza.

Yanzu ga inda bai yi min ba. Nauyi, wajen giram 700 ne, kuma kallon tsattsewa kallon sama ne, hannu a ɗage wuya a karye, ba a jimawa kafaɗa ta fara ciwo, igiyar wuyan da ya zo da ita siririya ce tana cin fata, gara mutum ya canza ta da mai faɗi ko irin wadda ake ratayawa a kafaɗu biyu. Sai kuma in tsuntsun baƙi ya gitta a farin gajimare nakan ga ɗan launin shunayya a gefen fiffike musamman in ya kai bakin gilashi, masu gilashin da ake rubuta wa ED, wato gilashi na musamman mai rage rarrabuwar launuka, sun fi rage wannan. Abin murza saiti kuma ya ɗan yi tauri yana sabo, daga baya ya saki. Ruwan sama dai bai taɓa shiga ba, hazo ma bai taru a ciki ba, kuma masu sa tabarau za su iya murɗe bakin idon ƙasa su ga fili cikakke.

Don Allah a kiyaye rana, wannan ba wasa ba ne, kana bin tsuntsu a sama ba ka ankara ba sai ka kai gilashi kan rana, kuma hakan na iya lalata ido nan take. Ka tsaya rana tana bayanka ko gini ya tare ta. Sannan ka fara kama tsuntsun da ido tukuna, ba tare da ka kau da kai ba sai ka ɗago madubin zuwa fuskarka.

Wanda hannunsa ke saurin gajiya ko zai saya wa yaro, ya duba 8x32, ya fi sauƙi kuma filinsa ma yakan fi faɗi, illa dai da magariba zai riga wannan yin duhu. Ni dai 8x42 ɗin zan ci gaba da riƙewa, igiyar kawai na canza.